Me ya hana Salma tona asirin Kamal? Muhawara kan kashi na ƙarshe

Maman Ihsan:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wanda bai kalli kashi na 40 ba ya fita tun yanzu, don wallahi ba zan iya riƙe bakina ba. Tun jiya da daddare nake juyi, barci ya ƙi zuwa. Wata tara muna bin shirin nan mako-mako, muna jiran ranar da Salma za ta miƙe a gaban jama'a ta ɗaga littafin zanenta ta ce ni na zana asibitin nan, ba Kamal ba. Ranar ta zo. Ga 'yan jarida, ga kyamarori, ga surukinsa a kujerar gaba, ga littafin a jakarta, har an nuna mana hannunta ya shiga jakar ya taɓa shi. Sai me? Sai ta tafa tare da masu tafi. Da aka watse ta bi shi baranda, ta miƙa masa littafin, ta juya abinta. Ni dai a ganina marubucin nan ya raina mana hankali. Ko ni kaɗai ce?

Zee:
Ba ke kaɗai ba ce Anti. Ni rimot na yi jifa da shi. Mutumin da ya goge sunanki daga aikinki, ya auri 'yar mai kuɗi da guminki, shi za ki ɗauki hujjarki guda ɗaya tilo ki danƙa wa? Wannan ba haƙuri ba ne, wauta ce.

Ɗan Auta:
Haba jama'a! Ina kashi na 33 fa. Kun gama da ni.

Anti Balaraba (mai kula da zaure):
Ɗan Auta, an yi gargaɗi a layin farko, kai ka ƙi fita. Je ka ƙarasa ka dawo, ba inda za mu. Sauran kuma a ci gaba, amma ban da zagi.

Malam Sambo:
Wa alaikumus salam. Maman Ihsan, na ji zafinki, ni ma a lokacin raina ya sosu. Amma da na kwana na tashi sai na ga marubucin bai yaudare mu ba, mu ne muka manta da abin da ya nuna mana. Ku koma kashi na 31. Bayan Salma ta buɗe nata ofishin, wa ya zana makarantar kuramen nan da ta fito da sunanta? Hafsa ce, yarinyar da take koya wa aiki. Hafsa ta kwana uku a kan zanen. Da aka zo miƙa takardu, sakatare ya tambayi Salma sunan wa za a sa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a sa sunan ofis. Sunan ofis kuwa sunanta ne. Fitowar ba ta kai minti ɗaya ba, kuma babu kiɗa a ƙarƙashinta, shi ya sa ta wuce mu. To da wane baki za ta tsaya gaban duniya ta kira wani ɓarawo, alhali Hafsa tana zaune a layi na uku tana kallonta? Kun lura kyamara ta sauka a kan fuskar Hafsa daidai lokacin da hannun Salma ya shiga jaka? Laifi tudu ne. A wannan daƙiƙar ta hango nata.

Maman Ihsan:
Malam, na tuna fitowar, amma gaskiya ba ɗaya ba ne. Hafsa ma'aikaciyarta ce, albashi take biyanta. Kamal fa? Tare suka fara, teburi ɗaya, fitila ɗaya, kuma da alkawarin aure a tsakaninsu.

Malam Sambo:
Ban ce nauyinsu ɗaya ba, ƙanwata. Na ce irinsu ɗaya. Kuma ki tuna hujjar da Salma ta ba wa kanta ranar nan: masu ba da kwangila ba su san Hafsa ba, in aka sa sunanta aikin zai kuɓuce. Kalma a kan kalma, abin da Kamal ya faɗa mata ke nan a kashi na 9.

Zee:
Innalillahi. Wallahi ban haɗa su ba sai yanzu.

Kawu Iro:
Ni fa tun farko na ce a bi yaron nan a hankali, kuka taso mini kamar na kashe wani. Kamal ba shaiɗan ba ne. Yaro ne da ya gaji da ƙwanƙwasa ƙofa ana korarsa. Shekara huɗu suna zane ba mai saye. Da Alhajin nan mai kamfani ya ce zai ɗauki aikin amma da sharaɗin mutum ɗaya zai yi hulɗa da shi, me kuke so ya yi? Ya ce a'a su koma su ci gaba da zama? Niyyarsa ta farko ai ya shiga ne sannan ya jawo ta.

Yaya Murja:
Kawu, da girmanka. Kowane maci amana da wannan niyyar yake farawa: bari in shiga tukuna sannan in jawo ki. Ya shiga. Kashi talatin da ɗaya yana ciki. Yaushe ya jawo ta?

Kawu Iro:
To ai abubuwa sun cakuɗe masa, 'yata.

Yaya Murja:
Ba cakuɗewa suka yi ba, daɗi ya ji. Ku tuna daren da ya goge sunan. Ni wannan fitowar ce ta fi tsaya mini a duk shirin. Ba a yi shi a guje ba. Ya shimfiɗa takardar, ya danne kusurwoyinta, ya ɗauko abin gogewa ya bi harafin S ɗin nan da take sawa a ƙasan kowane zane, a hankali, yana hure ɓurɓushin. Da ya gama ya ɗaga takardar a fitila ya ga alamar fensir ba ta fita duka ba, sai ya sake bi. Wanda ya rikice ba ya duba aikinsa a fitila. Wannan mutum ne da ya yanke shawara.

Kuma bari in faɗa muku dalilin da ya sa abin ya dafa ni. An yi mini irinsa. A wani wuri da na taɓa aiki, na shafe wata biyu ina haɗa wani rahoto, har da ranakun hutu. Ranar gabatarwa ina zaune a baya ina danna kwamfuta, ogana yana gaba yana cewa "da na yi nazari sai na gano". Shafin farko da sunana yake jiki an cire shi. Aka tafa masa, ni ma na tafa. Shi ya sa da Salma ta tafa jiya ban ji haushinta ba, hannuna na kalla. Wanda bai taɓa zama a wannan kujerar ba gani yake miƙewa abu ne mai sauƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma kurar ce ake tsammanin ta yi murmushi.

Anti Balaraba (mai kula da zaure):
Allah ya saka miki, Murja.

Zee:
Amin. Amma Yaya, ke ba ki da hujja a jaka. Ita tana da ita.

Yaya Murja:
Wa ya ce miki ba ni da ita? Duk kwafin farko yana cikin wayata har yau.

Barista Hindatu:
Bari in shigo ta ɓangaren da na ɗan sani. Mutane da yawa suna ɗauka in an biya ka kuɗin aiki to sunanka ma an saya. Ba haka dokar ƙasa da ƙasa ta ɗauki abin ba. Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mawallafa, wadda aka ƙulla a 1886, an ƙara mata wani sashe a 1928 da ya ce ko da mai aiki ya sayar da haƙƙinsa na cin moriyar aikin, yana nan da haƙƙin a san shi ne ya yi shi. Zanen gine-gine yana cikin abin da yarjejeniyar ta rufe. Yadda kowace ƙasa take aiwatar da wannan ya bambanta, musamman a kan ma'aikacin da ke ƙarƙashin kamfani, amma asalin ra'ayin shi ne kuɗi daban, suna daban. Don haka maganar Maman Ihsan cewa ana biyan Hafsa albashi ba ta wanke Salma gaba ɗaya ba.

Abin da ya ba ni dariya a shirin shi ne yadda aka mai da littafin nan tamkar in ya ɓace magana ta mutu. Salma ba ta buƙatar littafi. Akwai wata mai zanen hotuna a Amurka, Margaret Keane, da mijinta Walter ya shafe shekaru yana sayar da zanenta na yara masu manyan idanu da sunan shi ya yi. Sun rabu, ta fito a rediyo a 1970 ta faɗi gaskiya, shi kuma ya ci gaba da musu. A 1986 magana ta kai kotu a Honolulu. Alƙali ya ce a kawo wa kowannensu kayan zane, kowa ya zana a nan gaban kotu. Walter ya ce kafaɗarsa na ciwo. Ita kuwa ta gama nata cikin minti 53. Aka yanke a biya ta dala miliyan 4, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke kuɗin daga baya. Sunanta dai ya dawo. Hujjar mai sana'a tana hannunsa.

Malam Sambo:
Madalla, Barista. Kuma shirin ya yi irin wannan gwajin, sai dai ba a kotu ba. Maganar tagogi.

Maman Ihsan:
Kai, tagogin nan! Nan ne na yi kuka na gaske.

Abu Safwan:
Ku tuna mana, na ɗan manta yadda abin ya faru.

Maman Ihsan:
A kashi na 4 Salma ta ba wa Kamal labarin ƙanenta da ya yi wata biyu a gadon asibiti kafin ya rasu, ba abin da yake gani sai bango, don tagar ɗakin ta yi sama da yawa. Kullum sai ya ce a ɗaga shi ya leƙa waje. Shi ya sa da ta zo zana ɗakin yara ta sauko da tagogin ƙasa daidai tsayin gado. Tana ba shi labarin yana danna waya yana "uhm, uhm". To jiya wata 'yar jarida ta tambaye shi me ya sa tagogin ɗakin yara suka yi ƙasa haka. Ya yi murmushin nan nasa ya ce don iska ta fi shiga. Don iska! Sai aka nuna Salma ta runtse ido.

Malam Sambo:
Kuma aka nuna Nadiya, matar Kamal, ta juyo ta kalli mijinta. Ita ta san labarin, don Salma ta taɓa faɗa mata a asibiti ba tare da ta san wace ce ba. Kun ga asiri ya riga ya tonu a wurin wadda tonuwarsa ta fi yi masa ciwo. Ba sai an ɗaga littafi ba.

Zee:
Ni fa Nadiyar nan ba ta taɓa burge ni ba. Da kuɗin ubanta ta ƙwace shi.

Yaya Murja:
Me ta ƙwata? Kaya ne shi? Ita fa mai zanen asibitin ta so. Ta faɗa da bakinta cewa ranar da ta ga zanen ta ji tana son sanin mutumin da ya yi tunanin yara haka. Wato Salma ce Nadiya ta so ba tare da ta sani ba, aka kawo mata Kamal a madadi. In ana lissafin waɗanda aka cuta, a sa ta a layi na biyu.

Kawu Iro:
To ni tambayata ɗaya. Duk kun taru a kan Kamal, ina Rahma? Aminiyar da ta ga takardar da idonta tun kashi na 10 ta ja bakinta ta yi gum har shekara biyu, tana zuwa tana share wa Salma hawaye, tana ce mata ki yi haƙuri ƙila rabo ne bai zo ba. Ni a wurina ta fi shi muni. Shi aƙalla ya gudu, ita tana nan tana kallon idonta kullum.

Maman Ihsan:
Nan kam na bi ka, Kawu. Kuma ba a hukunta ta ba ko kaɗan. Kuka ɗaya ta yi a kashi na 36 aka rungume ta, shi ke nan.

Barista Hindatu:
Mijinta a kamfanin Alhajin yake aiki, kada ku manta. In ta yi magana gidanta ne zai girgiza. Ban ce ta kyauta ba. Amma ita ce ta fi kama da yawancinmu, shi ya sa muka fi jin haushinta. Kaɗan ne daga cikinmu za su sami damar yin abin da Kamal ya yi. Damar yin shiru kuwa kowa ya taɓa samu.

Zee:
Ni dai na je shafin ɗan wasan da ya fito a Kamal na faɗa masa abin da ke raina. Ba ni kaɗai ba ce ma, ku je ku ga yadda mutane suka yi masa ca.

Anti Balaraba (mai kula da zaure):
Zee! Me ya yi miki? Je ki goge yanzun nan.

Abu Safwan:
Ƙanwata, bawan Allah aikinsa ya yi, kuma zagin da yake sha shi ne shaidar ya iya. Abin nan da ya same ki tsoho ne. Tun 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan yadda mai kallon talabijin yake ƙulla alaƙa da wanda yake gani a allo, yana jin kamar ya san shi, alhali shi wancan bai san da zamansa ba. Alaƙa ce mai hanya ɗaya. Wata tara fuskar mutumin nan tana shigowa ɗakinki duk mako, dole zuciya ta ɗauke shi a matsayin wanda kika sani. Masu shirya irin wannan wasa kuma sun san haka sarai, a kansa suke cin abinci. Asalin wasan soyayya mai dogon zango a rediyon Amurka ya faro, a shekarun 1930, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suke ɗaukar nauyinsa don matan da ke gida da rana su ji tallarsu. Shi ya sa har yau sunan da Turawa suke kiran irin wasan da shi yake ɗauke da kalmar sabulu. Tun daga lokacin dabarar ɗaya ce: a bar ka da ƙishirwa don ka dawo gobe.

Zee:
To na goge. Amma ya ji a jikinsa tukuna.

Maman Ihsan:
Abu Safwan, maganarka ta ƙarshe ita ce ainihin ƙorafina. Fitowar ƙarshe fa? Kamal ya dawo asibitin da tsakar dare, littafin a hammatarsa, sukudireba a hannunsa, ya tsaya gaban allon da aka rubuta sunansa. Ya ɗora sukudireban a kan ƙusa ta farko. Sai allon talabijin ya yi baƙi. Wannan ba fasaha ba ce, tarko ne na zango na biyu.

Abu Safwan:
Zai iya yiwuwa, kuma in masu kallo suka matsa za a yi. Ba yau aka fara ba. Marubuci Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes, jarumin littattafansa, a 1893, ya jefa shi a wani magangarin ruwa a Suwizalan don ya huta da shi. Masu karatu suka hana shi sakat, a 1903 ya dawo da shi da rai. In marubucin littafi ya kasa jure matsin, ina ga mai shirin da talla ke ciyar da shi?

Malam Sambo:
Ni kuwa addu'ata kada a yi zango na biyu. In aka yi, na san abin da za a ba mu: Nadiya ta mutu a haɗarin mota, Kamal ya tuba yana kuka cikin ruwan sama, Salma ta yafe, a ɗaura aure. A rushe duk abin da aka gina. Baƙin allon nan shi ne daidai. Tun daga kashi na 9 kowa yake yanke wa Kamal hukunci ko yake ba shi uzuri, shi kuwa bai taɓa tsayawa shi kaɗai da abin da ya aikata ba. Kullum akwai wanda zai ɗora wa: Alhaji ne ya matsa, talauci ne, lokaci ne bai yi ba. Da Salma ta tona shi a taro, da ya sami sabon abin fakewa, ya ce ta wulaƙanta ni, mun yi canjaras. Da ta miƙa masa littafin sai ta ƙwace masa wannan ma. Yanzu ba mai tilasta shi, ba mai kallonsa. In ya kwance allon, shi ya kwance. In ya bari, shi ya bari.

Yaya Murja:
Malam, maganarka ta yi daɗin ji, amma ina da ja. Me ya sa kullum gyaran ɗan'adam ɗin da ya yi cuta yake zama aikin wadda aka cuta? Ita aka zalunta, kuma ita ce za ta tsara masa hanyar tuba mai mutunci, ta bar sunanta a hannunsa ya ga dama? In bai kwance allon ba fa? Yara za su yi ta kwanciya a gadajen nan suna kallon waje shekara hamsin, sunan wanda ya ce "don iska" yana bakin ƙofa.

Barista Hindatu:
Murja ta taɓo inda yake. Kuma a zahiri irin wannan gyara ba ya cika zuwa. A 1991 an ba wa Robert Venturi kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gine-gine, shi kaɗai, alhali shekaru da dama tare yake aiki da matarsa Denise Scott Brown, a ofis ɗaya. A 2013 ɗalibai mata a jami'ar Harvard suka tara sa hannun dubban mutane suna neman a ƙara sunanta. Shi kansa mijin ya sa hannu. Kwamitin kyautar ya ƙi. Ka ga nan ba ma cin amana a tsakaninsu, mijin yana goyon bayanta, amma sunan da aka riga aka rubuta ya zauna. Don haka in Salma tana jiran allo ya gyara kansa, ta shirya dogon jira.

Malam Sambo:
Na karɓi wannan, ban da amsar da za ta rufe shi. Abin da kawai zan ce shi ne ba jira ta tafi yi ba. Daga baranda ina ta nufa? Ofis. Ta ciro takardun makarantar kurame, ta kira masu aikin a waya cikin daren, ta ce akwai kuskure a sunan mai zane. Allon da yake hannunta shi ta kwance. Na Kamal ba a hannunta yake ba.

Yaya Murja:
Yana hannunta mana, Malam. A jakarta yake. Ita ta fitar da shi.

Kawu Iro:
Yau dai an ƙure Malam.

Malam Sambo:
An ƙure ni, Kawu, ban musa ba.

Maman Ihsan:
Ni abin da har yanzu ban gane ba, wai Kamal ya taɓa sonta kuwa? Don in ya so ta, ta yaya hannunsa ya iya? In kuma bai so ta ba, me ya sa ya ajiye guntun fensirinta a aljihun kwat har ranar aurensa?

Kawu Iro:
Ya so ta mana. Ya dai fi son kada ya mutu ba a san shi ba.

Yaya Murja:
Ya so yadda take sa shi ya ji kamar shi wani ne. Ranar da ya sami wanda zai ba shi wannan jin da kujera da mota a kai, sai ya sauya wuri. Mutumin da ake ba shi labarin mutuwar ƙanenki yana danna waya, Anti, ai tun kashi na 4 aka ba mu amsa. Mu ne muka shagala da kiɗan da ake sa musu.

Zee:
Amma kallon da ya yi mata a baranda fa? Wallahi har na ɗan ji tausayinsa, ni da na je na zage shi.

Abu Safwan:
Ga ta nan. Da safe zagi, da yamma tausayi. Ɗan wasan nan a ƙara masa kuɗi.

Barista Hindatu:
Wani abu da ban ga an ambata ba: shirin bai taɓa nuna burin Salma a matsayin laifi ba. Sau da yawa a irin waɗannan wasanni mace mai buri ita ce muguwa, ta kirki kuwa ita ce mai zama tana jira. A nan Salma tana son sunanta ya fito, ta faɗa ba kunya, kuma ba a hukunta ta a kan son ba. Inda aka kama ta shi ne inda ta taka wata don ta kai. Wannan ya burge ni fiye da labarin soyayyar gaba ɗaya, wanda gaskiya daga kashi na 20 zuwa 28 jan rai kawai aka yi ta yi. Likitan nan da aka kawo mata a matsayin sabon masoyi, me ya ƙara? Ya zo, ya yi murmushi kashi takwas, aka tura shi ƙaro karatu.

Maman Ihsan:
Kada ki taɓa mini likita, Barista! Shi kaɗai ne namijin kirki a shirin.

Kawu Iro:
Shi ya sa ba wanda ya tuna sunansa.

Maman Ihsan:
Sunansa... to, zan tuno.

Anti Balaraba (mai kula da zaure):
Tun da abin ya ƙi ƙarewa, a yi ƙuri'a. Wanda yake ganin Kamal ya kwance allon ya rubuta 1, wanda yake ganin ya bari ya rubuta 2.

Zee:
1

Kawu Iro:
1, ina kyautata wa yaron zato.

Yaya Murja:
2. Ya ɗaure ƙusar ma da kyau.

Barista Hindatu:
2

Malam Sambo:
Ni a ɗauke mini. Jiya da na ce 1, yau Murja ta rikita ni.

Maman Ihsan:
Zuciyata 1, hankalina 2. A rubuta mini 2.

Ɗan Auta:
Na dawo, kashi bakwai a zama ɗaya, idona kamar garwashi. Ban karanta duk abin da kuka rubuta ba, amma akwai wanda ya lura da cewa kafin Salma ta miƙa masa littafin ta yage shafi ɗaya ta sa a aljihu? Ku koma wajen minti na 41, ana jin ƙarar yagewar kafin kyamara ta juyo.

Maman Ihsan:
Wane shafi?

Ɗan Auta:
Ba a nuna ba, Anti.

Yaya Murja:
Ku jira ni, bari in kunna.